Yadda za ka haɗa agogon ado da hannunka a Maradi

Agogon ado shi ne wanda ke lafewa ƙarƙashin hannun kaftani, ba a ganinsa sai mai shi ya miƙo hannu za a gaisa. Ba shi da kauri, ba shi da tarin lambobi da maɓallai, lokaci kawai yake faɗa. Wanda masu sha'awar agogo suka ɗauka uban wannan ƙira shi ne Calatrava mai lamba 96, da kamfanin Patek Philippe na birnin Jeneba a ƙasar Suwis ya fitar a 1932. Faɗinsa bai wuce milimita 31 ba. Fuska fara, ƴan sanduna a gurbin lambobi, hannun awa da na minti masu tsini, sai ƙaramar da'irar daƙiƙa a ƙasa wajen ƙarfe shida. Kuɗin irinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, amma abin da ya ba shi kyau a fili yake: daidaiton awo da tsabtar aiki. Waɗannan biyun kuwa hannu yana koyonsu, ko a Jeneba ko a Ali Ɗan Sofo.

Tun farko a raba abin saye da abin ƙira, don kada mutum ya ɗauko abin da zai gajiyar da shi ya watsar. Ƙera injin agogo tun daga ɗanyen ƙarfe aikin mutane ƙalilan ne a duniya. George Daniels, Baturen Ingila da ya rasu a 2011, yana cikinsu, shi ma agogon aljihu guda kan ci masa kusan shekara. Ni da kai inji za mu saya, da gidan da za a sa shi, da gilashi. Abin da za mu yi da hannunmu uku ne: fuska, hannuwa, da maɗaurin fata. Kada ka raina su. Duk wanda ya kalli agogo a wuyan hannunka su yake gani, kuma a jikinsu ake gane aikin da aka natsu a kansa da wanda aka yi a gurguje.

Abu guda nake roƙonka kafin ka taɓa magagari. Kada ka rubuta sunan Patek Philippe ko na wani kamfani a fuskar agogonka, kada ka sa tambarinsu. A intanet za ka ga ana sayar da fuskoki masu sunayen manya da arha, ka wuce su. Koyi da ƙirar wani ba laifi ba ne, haka kowane maƙeri ya koyi sana'a. Ɗora sunan wani a kan aikinka kuwa jabu ne, kuma ko ba ka da niyyar sayarwa, agogo kan fi mai shi daɗewa, wata rana zai faɗa hannun wanda za a cuta da shi. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu ya ishe mu hujja. Ni fuskar da ba rubutu ko kaɗan ta fi burge ni. In kuma sai ka rubuta, sa sunanka da na Maradi, ƙanana, a ƙasa. Zancen zinariya bai taso ba, tunda malamai sun karantar da mu ba adon maza ba ce. Gida na ƙarfe marar tsatsa ya wadatar, asalin lamba 96 ɗin ma akwai waɗanda aka yi da ƙarfe.

Injin da ya dace da mai koyo shi ne Unitas 6498 na kamfanin ETA. Asalinsa na agogon aljihu ne, shi ya sa komai nasa ke da girma: faɗi milimita 36.6, kauri 4.5, duwatsu 17 (ƴan jajayen duwatsun da tsinin tayoyin inji ke juyawa a cikinsu), wana shi ake yi da hannu, ba ruwansa da batir. Yana da ɗan'uwa, 6497, kusan komai nasu ɗaya, sai dai in aka sa su a agogon hannu daƙiƙar 6497 wajen ƙarfe tara take faɗawa, ta 6498 kuwa wajen ƙarfe shida. Tunda Calatrava muke bi, 6498 za ka nema, ka duba wannan da kyau kafin ka biya kuɗi. Kamfanin Sea-Gull na birnin Tianjin a ƙasar Sin yana yin irinsu a jerin ST36, awo ɗaya, kuɗi ƙasa sosai. Da na Sin ɗin za ka fara, kuma biyu za ka saya: ɗaya na agogo, ɗaya na koyo.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce, inji mai faɗin 36.6 ba ya shiga gidan da bai kai milimita 41 ko fiye ba. Agogonka na farko zai fi Calatrava girma nesa ba kusa ba. Ka haƙura da wannan. In hannunka ya faɗa, akwai ETA 7001, wanda asalinsa na kamfanin Peseux ne, faɗi 23.3, kauri 2.5 kacal, daƙiƙarsa ma a ƙarfe shida take. Shi ne zai ba ka agogo siriri na milimita 34 zuwa 36. Amma sukurorinsa ƙanana ne ƙwarai, wanda ya fara da shi ɓarna zai yi.

Inji, gida, fuska ta arha da hannuwa na arha, ka yi odarsu lokaci guda a wurin mai sayarwa guda, don su dace da juna. Ta hannun ƴan kasuwarmu masu sayo kaya daga Sin ko Dubai, ko ta Kano, suna isowa. Fuskar arhar nan ba don ɗaurawa ba ce, ita ce ma'auninka. A gida kuma zaɓi mafi siranta, mai baki sumul ba zane, mai gajerun kunnuwa, wato ƙahonin da maɗauri ke shiga tsakaninsu.

Kafin kayan su iso, gyara wurin aiki, domin a garin nan babbar abokiyar gabar wannan sana'a ƙura ce. Ƙwayar yashi guda in ta shiga tsakanin haƙoran tayoyi tana iya tsayar da inji, silin auduga guda a kan fuska kuwa, bayan ka rufe gilashi, shi kaɗai idonka zai riƙa gani. Nemi ɗaki mai daɓen siminti. Share shi, yayyafa ruwa, ka ba shi rabin awa ƙura ta kwanta, sannan ka rufe taga ka kashe fanka. Da hunturu, in hazo ya sauko, akwai ranakun da ko buɗe inji bai kamata ba, ka yi aikin fata ko na magagari a ranar. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ba mai iya zama ɗaki a rufe da rana, kuma ɗigon gumi guda yana sa ƙarfe tsatsa, don haka lokacinka bayan sallar asuba ne. Damina ta fi kowane lokaci daɗin aiki, sai dai laima, sai ka ajiye kayan ƙarfe cikin gwangwani tare da ƴan ƙullin tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Aikin zarto da magagari a zaure ko tsakar gida za ka yi shi, haɗa inji a ɗaki, kuma ka canza riga tsakanin biyun. Ka tanadi ƴan kofunan shayi na gilashi. Duk sanda za ka ɗaga hannu daga inji, ko na minti ɗaya ne, kife kofi a kansa.

Tebur ya kai maka ƙirji in ka zauna, gwiwar hannu biyu a kafe, shi ke hana rawar hannu. Shimfiɗa farar takarda a kai. Ka maƙala wani farin ƙyalle daga bakin tebur zuwa cinyarka, domin sukuru in ya tsalle daga matsefata nan zai faɗa. Fitila ta caji ce ta fi, ko an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki ba za ka motsa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Gilashin ido na masu gyaran agogo mai ƙara girma sau huɗu ko biyar don aiki, da mai sau goma don dubawa. Matsefata biyu, ta ƙarfe da ta tagulla, ta tagullar ba ta karce abin da aka goge. Ƙananan sukundireba daga milimita 0.6 zuwa 2, ka wasa bakinsu a dutse har su zauna daram cikin tsagar sukuru. Mariƙin inji, ƴar robar hura iska (kada ka taɓa hurawa da baki, numfashi ruwa ne), robar sa wa yatsu, ma'aunin kauri irin na makanikai, zarton maƙeran fari, ƙananan magagarai, samfefa daga lamba 400 zuwa 2000, da man gogi mai garin daimon. Sai wani koren danƙo na kamfanin Bergeon mai suna Rodico, wanda ke ɗauke ƙura da sawun yatsa. Wannan kam ka saya, ba shi da madadi.

Wani abin kuwa a gona yake. Masu agogon Turai suna soka bakin matsefata da allurar mai cikin totuwar wani itace don tsabtace su, Philippe Dufour ma, mai ƙera agogon Simplicity a kwarin Joux na Suwis, da karan wata ciyawar duwatsunsu yake goge gefen ƙarfe. Mu muna da totuwar karan dawa. Ka ɓare busasshen kara, ka yanka totuwar gunduwa-gunduwa, tana tsotse mai da datti tsaf, in kuma ka shafa mata man gogi tana fito da ƙyalli ba tare da ta cinye kaifin gefe ba. Tana ɗan zubar da gari, sai ka bi da robar iska. Tsinken sakace da aka fiƙe shi ke share ramin duwatsu.

A babbar kasuwa da bakin tasha har yanzu akwai dattawa masu gyaran agogo. Yawancin aikinsu yau canjin batir ne, amma da yawansu da agogon da ake wanawa suka koyi sana'a. Je ka durƙusa ka gaida ɗaya, ka ce, “Baba, koyo na zo, a nuna mini yadda ake riƙe matsefata.” Ka sayi matattun agogai a wurinsa, ka biya shi ladan lokacinsa. Abin da idonka zai ɗauka a zama guda gefensa bidiyo ba ya ba ka shi.

Injin koyon nan ka kwance shi ka mayar har sai ka daina jin tsoronsa. Kafin ka kwance komai, sauke ƙarfin babban sifirin da ke tafiyar da inji: riƙe maɓallin gefe da ake wana agogo da shi, ture ɗan harshen da ke tare haƙora, ka bar maɓallin ya riƙa sulɓewa a hankali tsakanin yatsunka. Fara cire zoben lilo, wato ƴar tayar da ke kai da komo tana daidaita lokaci, ka kife shi wuri guda, domin siririn sifirin da ke jikinsa in ya lanƙwashe sai gwani. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Zoben lilon da ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke bayansa kada ka jiƙa su cikin alkol, duwatsunsu da wani irin ƙaro aka liƙe su, alkol na narkar da shi. Batun mai kuma, man keken ɗinki, man mota da man gyaɗa duk su yi nesa da agogo, daskarewa suke su kama ƙura. Moebius 9010 shi ne sanannen man ƙananan duwatsu, kuma ɗigon da ake sawa bai kai rabin ramin dutsen ba.

Yanzu fuska. Je wurin maƙerin fari ka nemi ya murza maka azurfa mai lamba 925 ta zama faranti mai kaurin milimita 0.4. Ka tafi da ma'auninka ka gwada a gabansa, in ta fi haka kauri hannuwa ba za su samu wurin zama ba. Ɗora fuskar arha a kai, ka zana da'irarta da allura, ka yi alamar hujin tsakiya, hujin daƙiƙa, da gurbin ƙafafu biyu da ke bayanta. Huji tukuna, yanka daga baya, domin faranti mai faɗi ya fi sauƙin riƙewa. Yanka da zarto kaɗan a wajen zane, ka cinye sauran da magagari kana juyawa, kana gwadawa cikin gida. Ƙafafun, waɗanda su ne ke shiga inji su riƙe fuska, wayar jan ƙarfe ce. Maƙerin ya liƙa maka su da lahamin azurfa mai jure wuta, saboda abin da ke tafe.

A shagon kwamfuta a buga maka da'ira mai rabo 60 daidai faɗin fuskar, kowane minti digiri 6, kowace awa digiri 30. Ka auna takardar bayan an buga, injin bugu kan rage ko ya ƙara. Liƙa ta a kan azurfa, ka tabbata ƙarfe shida ya bi ta tsakiyar hujin daƙiƙa, sannan ka bi kowane minti da tsinin allura, ɗan taɓi kawai. Cire takarda. Kwantar da samfefa a kan gilashi ka goge fuskar daga 600 zuwa 1200 har ta kwanta sumul, alamomin allura suna nan ana ganinsu.

Farin da za ka ba fuskar agogonka ba fenti ba ne. Azurfar 925 tana da jan ƙarfe a cikinta. In ka gasa ta, jan ƙarfen da ke sama ya yi baƙi, in ka tsoma ta cikin ruwa mai tsami ya cinye baƙin, sai zallar azurfa ta rage a sama, fara ƙal marar ƙyalli. Ɗora farantin a kan bulo mai laushin fuska, ka zagaya shi da wuta daidai wa daida har ya yi duhu, kada ka bari ya yi ja. Bar shi ya huce da kansa, in ka jefa shi ruwa da zafi zai karkace. Sai ka sa shi cikin ruwan lemun tsami mai ɗumi da ɗan gishiri, ka ɗauraye, ka maimaita. Kowane zagaye farin na ƙaruwa, a na biyar ko na shida za ka ga ya cika. Daga nan yatsa ba ya sake taɓa saman fuskar.

Ɗauki ɗan bakin huji na milimita 0.4 ko 0.5, ka riƙe shi da yatsu, ka sa a kowace alamar allura ka juya sau biyu ba dannawa. Ɗigo zai fito yana walƙiya a cikin farin. Guda 60 ne, kuma dole ƙarfin hannu ya zama ɗaya a kowanne, don haka in ka ji ka gaji ka kife kofi ka tashi. Da'irar daƙiƙa ka zana ta da kamfas mai tsini biyu, zagaye ɗaya tak. Fesa fenti marar launi siriri don kada azurfa ta dafe, ka kife kwano a kai har ya bushe. Sandunan awa daga wayar ƙarfe ko azurfa za ka fitar da su, ka kwantar da cikinsu, ka yi wa bayansu gangare biyu da magagari, ka goge. Ka yi fiye da adadin da kake buƙata, ka jera su ka zaɓi waɗanda suka fi kama da juna. A kamfani dasa su ake da ƴan ƙusoshi ta cikin fuska, kai gam mai haɗi biyu ya ishe ka, a bakin allura za ka ɗebo shi. Ƙarfe shida ba ya samun cikakkiyar sanda saboda da'irar daƙiƙa. Kafin gam ya kama, ja da baya ka kalli fuskar daga nesa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, sandar da ta karkace zai nuna maka ita kafin ma'auni.

Hannuwa su ne aikin da na fi so, kuma su suka fi cin rai. Na Calatrava gogaggu ne masu ƙyalli, ni kuwa shuɗi na zaɓa, domin a kan farar azurfa ya fi karantuwa. Ƙarfen da ke karɓar shuɗin wuta shi ne mai tsatsa, marar tsatsa ba ya yi yadda ake so. Ƴan faifan ƙarfe da makanikai ke auna tazarar bawul da su, mai kaurin 0.25 ko 0.30, sun dace, haka ma sifirin tsohon agogon bango. Gasa shi ya yi ja, ka binne cikin toka ya huce a hankali, zai yi laushi. Huji za ka fara yi. A 6498 hujin hannun awa milimita 2.00 ne, na minti 1.15. Huda ƙasa da haka, ka faɗaɗa kaɗan-kaɗan kana gwadawa a injin koyo. Hannun awa yana son ɗan bututu a ƙarƙashi don ya kama da kyau, ka yanke na jikin hannun arha ka dasa a naka a ƙarshe. Hannun daƙiƙa kuwa saye za ka yi, bututunsa bai kai sulusin milimita ba.

Liƙa ƙarfen da gam mai saurin kamu a kan guntun tagulla, ka zana siffar: faɗi a gindi, tsini a baki. Hannun minti ya kai ɗigon mintoci daidai, na awa ya tsaya a bakin sandunan awa ta ciki. Wannan tsawon shi ne rabin kyan agogo, in ya gaza ko ya zarce ido ba ya yafewa. Fitar da gefe da magagari, sannan ka karkata hannunka ka yi gangare biyu, hagu da dama, su haɗu a doro guda miƙaƙƙe daga gindi zuwa tsini. Doron nan shi ke kama haske. Ruwan goge farce na mata yana sakin gam ɗin.

Sai tauri. Ɗaure hannun da siririyar waya a jikin ƙarfe mai kwanciya don kada ya lanƙwashe, gasa ya yi ja, tsoma a mai a tsaye. Yanzu ya yi tauri har yana iya karyewa, don haka ka ɗan gasa shi sau ɗaya ya yi shuɗi kafin ka fara gogi. Goge daga samfefa 1200 zuwa 2000, ka ƙare da man daimon a kan gilashi ko totuwa, har ka ga fitila a jikinsa ba karce ko ɗaya a gilashin sau goma. Duk karcen da ka bari, shuɗi zai fito da shi fili. Wanke da alkol, daga nan matsefata kaɗai ke taɓa shi.

Cika murfin gwangwani da aka ƙone fentinsa da garin tagulla wanda ka wanke, ka kwantar da hannun a kai. Garin shi ke raba zafi, don tsini da gindi su nuna tare. Ɗora a kan ƙaramar wutar gas, ko garwashin da ya daina hayaƙi, a wurin da hasken rana ke shigowa, domin fitila tana ruɗin launi. Da farko ba abin da za ka gani. Wajen digiri 220 zuwa 230 sai ƙarfen ya ɗauki ruwan busasshiyar ciyawa, ya koma ruwan ƙasa, ya shiga shunayya, sannan kusa da digiri 300 shuɗi ya rufe shi, mai zurfi da sheƙi kamar turkuɗi. Tsakanin shunayya da shuɗi daƙiƙoƙi kaɗan ne. Ɗauke shi tun shunayyar ba ta gama barinsa ba, ka ajiye a kan ƙarfe mai sanyi, zafin da ke jikinsa zai ƙarasa. In ya zarce ya yi fari-fari ko toka-toka, ko tabo ya fito, goge shi ka sake. Hannun awa da na minti a yi su wuta ɗaya, don launinsu ya zo ɗaya.

A maɗauri kam mu ke da abin da wasu ke nema. Fatar jar akuyar Maradi, ƴar'uwar ta Sakkwato, sananniya ce wajen laushi da ƙarfi, irinta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Je wurin majema ko dukawa ka zaɓi wadda aka jeme da bagaruwa, daga gadon baya, ba daga ciki ba inda take saki. Goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in rini ya fita to gumi zai kai shi hannun rigarka. Ta ciki mai taɓa jiki a bar ta ba rini. Auna tsakanin kunnuwan gida, in milimita 20 ne maɗaurin ya tsuke zuwa 16 a wajen ƙarfen ɗauri, wannan tsukewar ita ke ba shi kamala. Dogon ɓangare kamar milimita 115, gajeren kamar 75, ka daidaita da wuyan hannunka. Fere bakin fatar da wuƙa mai kaifi inda za a naɗe, don kada ya yi tudu. Liƙa, huda da basilla tazarar milimita 3, ka ɗinka da allura biyu da zaren da ka ja cikin kakin zuma. Baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, zare launin fata, ba ado. Gefen ka goge shi da kaki da guntun itace har ya yi santsi. In ɗinkin ya gagare ka, zauna gefen baduku, a wannan fannin shi ne malaminka.

Ranar haɗawa ka zaɓi safiya marar iska. Sa fuska a inji ka ɗaure ƙafafunta, kada ka manta da ɗan lanƙwasasshen zoben tagulla da ke zama a kan tayar awa ƙarƙashin fuska. Dasa hannun awa yana kallon sha biyu, sannan na minti shi ma a sha biyu, ka danna da abu mai rami a baki wanda ba ƙarfe ba. Kalle su ta gefe: kowanne a kwance, ba mai taɓa wani, na awa ba ya shafar sanduna ko hannun daƙiƙa. Juya su awa goma sha biyu cur, a ƙarfe shida ka duba ko sun miƙe layi ɗaya. Don cire sandar maɓalli akwai ɗan sukuru kusa da ita, sassauta shi zagaye ɗaya da rabi kawai, in ka wuce haka abin da yake riƙewa ta ƙarƙashin fuska zai faɗi, sai an sake kwance komai. Sandar takan zo da tsawo. Yanke ta da saura, ka riƙa ci da magagari kana gwadawa har maɓalli ya zauna jikin gida. Hura cikin gilashi, bi fuska da Rodico, duba da gilashin sau goma ta kowace kusurwa, sannan ka rufe.

Saura saiti. Asalin 6498 yana bugawa sau 18,000 a awa, wato biyar a daƙiƙa, na Sea-Gull kuwa 21,600. Akwai manhajojin waya da ke sauraron bugun su faɗi ko yana gudu ko yana jinkiri, in babu, ka daidaita shi da agogon waya ka duba bayan awa 24. A kan zoben lilo akwai ɗan hannu tsakanin alamar ƙari da ragi, taɓi kaɗan yana canza daƙiƙoƙi da yawa, ka tura shi da tsinken sakace nesa da siririn sifirin. Gwada shi fuska sama, fuska ƙasa, da maɓalli ƙasa, ka nemi tsaka-tsaki. Hukumar COSC ta Suwis tana ba da shaida ga injin da bai wuce jinkirin daƙiƙa 4 ko gudun 6 a yini ba. Kai in ka samu 15 zuwa 20 a injin Sin, ka yi aiki mai kyau.

Wana shi kowace safiya a lokaci guda, ka tsaya da zarar ka ji ya cije. Cire shi in za ka yi alwala, irin wannan gida ba ya tare ruwa, fatar ma ba ta so. Kada ka kwantar da shi kan waya, rediyo ko lasifika. In ka ga ya kama gudu da mintoci a yini haka kawai, galibi maganaɗisu ne ya manne zagayen siririn sifirin. Kusanta shi da kamfas mai nuna gabas, in allurar ta bi shi to shi ne. Akwai ƴar na'urar cire maganaɗisu mai arha: ɗora agogon a kai, danna maɓallin, ka janye agogon a hankali har tsawon hannunka, sannan ka saki maɓallin.